Dubu Bakwai a Gwangwanin Madara

"...lafiya lau, Mariama. Ya azumi? Su Sadiyya ba su dawo daga hadda ba? To shi wancan fa, ina ya shige? Ko ya ji takuna ya laɓe a bayan ƙofa?"

Halin Bara'atu ke nan. Tun daga hawa na biyu take fara gaisuwa, kafin ta iso namu na huɗu ta gama tambayar lafiyar gida ta shiga neman rigima. Ranar Ashura ce, bayan la'asar, ina tsaye ina naɗe sambusar buɗa-baki a ɗan gidanmu na unguwar Bani Malik, nan Jidda. Maigidana Kassimu, Allah ya yafe mini kiran sunan, labari ne ya kawo, yana miƙe a tabarma ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana shan sanyi.

Su biyun taubasai ne. Mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, can Tasawa. Ita uwar ta zo aikin hajji da ƙuruciyarta ta zauna, a unguwar Hindawiyya aka haifi Bara'atu, Larabci a bakinta kamar ruwa. Shi kuwa da gemunsa ya zo. Shekara goma sha huɗu yana aiki a wani kamfanin aika kaya, amma har yau in saƙon Larabci ya wuce layi biyu sai ya ce idonsa na ciwo. Shi ɗan namiji ne, ita 'yar mace, don haka a al'ada shi ne ubangida ita baiwa, kuma duk Ashura sai ta hau matakalar nan ta karɓi kuɗin shara. Ni dai ban taɓa ganin ta riƙe tsintsiya a gidana ba.

"Wa nake ji kamar baiwar gidanmu?" in ji shi, ko ɗaga kai bai yi ba. "Mariama, rufe sambusar nan. Azumin 'yan Hindawiyya ba ya kaiwa magariba in ya ji ƙanshin mai."

"Ji ubangida! Ubangidan tabarmar roba a gidan haya. Tashi ka gaishe ni, na girme ka da wata huɗu."

"Wata huɗun da kika yi kina tsala kuka ba a sa su a lissafi."

"Kai fa, da aka haifa da kai kamar tulu, Kawu ya yi kwana uku yana tambaya ko an yi masa musanya?"

"Ƙarya kike. Kina Jidda cikin tsumma, ina kika gani?"

"A wasiƙa aka rubuto wa Ummi. Tana nan a akwati har yau, har da zanen kan."

Ta cire abaya ta rataye a ƙusa, ta zauna dirshan a gabansa, ta miƙa masa tafin hannu.

"Yalla, shara. Kuma ka ji, ban da irin ta bara. Biyar-biyar guda biyu ka ba ni, ɗaya a yage. Mai baƙala, kantin unguwarmu, ya juya ta ya juya, ya ce in mayar wa wanda ya tsinto ta."

"Me kika share? Nuna mini inda kika share."

"Na share maka hawaye ranar da ka sauka a Jidda, kana zagaya filin jirgi da buta kana tambayar ina rijiya."

"Ni da na zo na koya miki Hausa? Lokacin fa in an ce miki 'ina gajiya' sai ki ce tana gida."

"Shara dai, ɗan ƙauye. Ba tarihi na zo ji ba."

"Kuɗin takarda ai na bar muku, ku talakawa. Ni yanzu..." Ya laluba aljihun jallabiya, ya zaro katin nan nasa mai ruwan toka, ya ɗaga shi sama kamar mai duban wata.

"Mun gani. Kowa yana da katin albashi, har mai gadin ginin nan."

"Jahilci dai ba kyau. Wannan ba na albashi ba ne. Wannan in ka sayi abu, banki ne ke biya nan take, kai kuma ka biya shi daga baya, a hankali. Sannan duk riyal ɗarin da ka kashe, su mayar maka da biyu. Kashbak sunansa. Faɗi mu ji, ko bakinki zai iya."

"Kashbak. Ya'ani kai ka ci kaya, su kuma su yi maka godiya da kuɗi?"

"Haka manya suke rayuwa."

"Mai bankin nan baffanka ne? Ni na san duk dangin Kawu, ban taɓa jin mai banki a ciki ba. Mai jakuna dai akwai."

"Su suka neme ni, ba ni na neme su ba. Ina wucewa a babban kanti, mutum da farar riga da turare ya tsayar da ni, ya zaunar da ni a kujera, ya zuba mini gahawa, yana ta ce mini ustaz. Ke wa ya taɓa ce miki ustaza?"

"Ai ni ba na zama a kujerar da ban san mai ita ba. Mariama, kina jin mijinki?"

Na ce ni ba ruwana, kada a sa ni a ciki. Sau ɗaya na taɓa shiga faɗansu, suka haɗu suka koma kaina.

"To ajiye abin wasanka, da magana na zo," in ji ta. "Firizata ta mutu shekaranjiya da rana tsaka. Zoɓo da kunun aya na wajen riyal ɗari biyu duk suka yi tsami, na zubar ina hawaye. Mai gyara ya ce injin ya ƙone, halas. Ka ɗauko motar kamfaninku ka kai ni in sayo wata kafin magariba. Baƙala uku ke jiran kayana."

Da wannan sana'ar take riƙe da kanta da tsohuwarta tun rasuwar mijinta, kowa ya sani. Ta daki jakarta ta ce, "Dubu biyu da ɗari uku. Wata tara ina tarawa saboda irin wannan ranar."

Sai ga maigida zaune tsaf. Mutumin da tun azahar yake ce mini azumi ya karya masa baya, ko kofi ba zai iya miƙo mini ba.

"A hannu? Takarda?"

"A'a, duwatsu."

"Bara'atu. 'Yar Gwaggo. 'Yar'uwata ta kaina..."

"Yau kuma ni ce 'yar Gwaggo? Mariama, riƙe mini jaka, ɓarawo ya shigo gida."

"Saurara mana. Ki ba ni kuɗin a hannu. Mu je shago, ki zaɓi firizarki, ni in goga kati. Ke kin samu firiza, ba ki ƙara ko halala ɗaya ba. Ni kuma banki ya turo mini arba'in da shida. To arba'in da shidan nan su ne sharar bana. Kin taɓa jin ubangidan da ya ba baiwa arba'in da shida?"

"Ka biya ni shara daga jikin firizata? Rowarka ta girma har sai da ka nemo mata banki."

"Ba ke kaɗai ba ce fa. Fita unguwar nan ki tambaya wane ne Kassimu Mai Kati. Hajiyar hawa na biyu, ni ke sayo mata shinkafa da mai. Mahmudu tela, ni ke goga masa yadi da zare. Kowa ya kawo nasa a hannu, in goga, ya ɗauki kayansa ya tafi. Wata bakwai ke nan, ko mutum ɗaya bai yi kuka ba. Banki kansa duk Juma'a sai ya gaishe ni a waya."

"Ya tambayi lafiyar yara ma, ko?"

"Hassada ce ke damunki."

"Tayyib. Su sun ba ka a hannu. Kai kuma sai ka kai wa banki?"

"In kai wa banki me? Banki yana cirar nasa daga albashi duk wata, ɗari biyar da wani abu. Ba ya tambayata, ba na tambayarsa. Zaman lafiya muke."

"To na hannun fa, ina suke zuwa?"

Ya dube ni yana murmushi. "Mariama, ɗauko mata ta gani, ta san gidan da ta shigo."

Gaskiya zan faɗa, har da rangwaɗa na je na ɗauko. Gwangwanin madara ne babba, a saman kabad muke ajiye shi, bayan barguna. Ni ma na sha alfahari da gwangwanin nan. Tun zuwan katin cefane ya daina yi mana wuya, nama sau uku a mako, har tukunyar suya ta lantarki ya sayo mini, ni kuma ina ta faɗa wa mata albashi ne ya yi albarka. Ya buɗe murfin ya zazzage a tabarma, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin an ɗaure da roba.

"Dubu bakwai cif! Tikitin Yamai, da motar Tasawa, da tsaraba. Watan Mauludi hutuna zai fito. Shekara shida rabona da Inna, bana kam sai na ci tuwon gidanmu."

Nan ko Bara'atu ba ta yi wasa ba. Inna, mahaifiyarsa, ta haura tamanin, idonta ya soma rufewa. Duk lokacin da aka kira ta tambayarta ɗaya ce: yaushe? Ni na je da yara shekara biyu da suka wuce, shi aiki ya hana. Bana kuwa ya riga ya faɗa mata watan, tana can tana ƙirga kwanaki.

"Allah ya kai mu," in ji Bara'atu. Ta dubi kuɗin, ta dubi katin. "Ba ni wayarka."

"Baiwa da wayar ubangida?"

"Saƙon banki zan gani. Ina son in ga yadda baffan nan naka yake rubutu."

"Ai ba ɓoyayye ba ne." Ya buɗe, ya karkato mata fuskar wayar amma bai saki ba. "Ga na watan jiya. Arba'in da uku! Ina zaune, ban ɗauki kwali ba, ban tuƙa mota ba."

"Wannan gajeren ne. Na ƙasansa fa, dogon nan da ba a buɗe ba?"

"Talla ce. Kullum sai sun turo, surutu ne kawai."

"Guda bakwai, duk ba a buɗe ba."

"Ba ni da lokacin talla, ni mai aiki ne."

Caraf ta fizge wayar. Ya kawo hannu, ta make shi. Ta ɗauko tabarau ta ɗora a hanci, leɓenta na motsi. Da na ga murmushin ya bar fuskarta, sai na ajiye sambusar da ke hannuna na matso.

"Ya Kassimu."

Ba ta ce ɗan ƙauye ba, ba ta ce mai kan tulu ba. Shekarata goma sha biyu da sanin matar nan ban taɓa jin ta kira sunansa tsurarsa ba, don haka na san ba lafiya ba.

"Wannan ba talla ba ce. Takardar bashinka ce ta wata-wata. Suna bin ka dubu goma sha ɗaya da ɗari takwas."

"Suna bin wa?"

"Ni. Ai ni ce mai katin toka."

"Kawo nan. Ba ki iya karatu ba, lambar waya kika karanto."

"Lamba ai ba ta da yare. Duba da kanka."

Ya karɓa. Ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta, ya sake matsowa. Lambar dai ba ta sauya ba.

"To ai... ai ina biya. Duk wata suna cira."

"Suna cirar mafi ƙanƙanta, wanda zai sa ba sai sun kira ka ba. Ɗari biyar da casa'in. A cikinsa kuma ɗari uku da shida ba biyan bashi ba ne, ladan jira ne, na ragowar da ka bari a kanka. Kai kuma kana nan kana ƙara goga dubu biyu a kai duk wata, kana yi wa unguwa hidima."

"Kuɗin ruwa? A'uzu billahi! Mutumin nan ya rantse mini ba ruwa a ciki."

"Ba su rubuta ruwa ba. Wani suna suka ba shi mai daɗin ji, kuma ka sa hannu kana kurɓar gahawa. Wannan ka kai wa malamai su warware maka. Ni abin da na sani, daga albashinka yake fita. Su ba ka arba'in da uku a gajeren saƙo, su ɗauki ɗari uku da shida a dogo. Wallahi ko ni da zoɓona ban iya ciniki haka ba."

"Amma kashbak ɗin gaskiya ne. Na gan shi ya shiga."

"Gaskiya ne mana, ga wanda ke biyan duk abin da ya goga kafin wa'adi ya cika. Shi ne ke cin arba'in da uku a banza. Kai saya kake yi, ustaz. Kana sayen arba'in da uku a kan ɗari uku, kuma kana yi wa mai sayarwa addu'a."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Namiji dai, ba ya son a ga bayansa ya taɓa ƙasa.

"Ko ma dai mene ne, ga dubu bakwai a tabarma. Ke nuna mini naki."

"Naka ne? Kuɗin shinkafar Hajiya ne da yadin Mahmudu. Banki ya biya musu, suka ba ka ka miƙa, kai kuma ka zuba a gwangwani ka raɗa musu suna tsaraba. Ɗan aike ne kai da ya zauna a kan saƙo."

Kunya ta kama ni har kunnena ya yi zafi. Na tuna naman nan sau uku a mako, na tuna yadda na tara mata na nuna musu tukunyar lantarki. Ashe duk a kan wuyansa muke ci, ni da yara, muna sa albarka.

"To su bi ni mana," in ji shi. "In je in dawo mu ci gaba. Wa ya hana?"

"Mudir ɗinku, shugaban kamfani. Ba kai ba ne ka zauna a nan bara, kana dariya har da riƙe ciki, kana ba mu labarin Abdoulaye direbanku? Ya yanki tikiti, ya ɗaure akwatuna, mudir ya ce ba zai buga masa bizar fita da dawowa ba sai ya kawo takarda daga banki. Kai ka ce tun da wani ya gudu ya bar musu rigima mudir ya kafa tasa dokar a kamfanin: duk wanda banki ke bi fiye da albashin wata ɗaya, ba inda za shi."

"Abdoulaye bashi ya ci. Ni kati gare ni."

"Albashinka nawa?"

"Ba a tambayar namiji..."

"Dubu biyar," na ce. Bakina ne ya riga ni.

"To ga kati, ga dubu goma sha ɗaya da ɗari takwas. Gobe ka je ka yi wa mudir bayanin bambancin."

Ya sa hannu ya soma mayar da ɗaurin kuɗin cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ya kallon kowa. Can ya ce, ba da ita yake ba, ba da ni ba, "Na faɗa mata Mauludi. Har ta sa an yi wa ɗakin Baba sabon yaɓe."

Da haushinsa na matso, wallahi, na shirya masa magana a bakina. Amma da na ji wannan sai tausayi ya danne haushin. Ba giya ya sha ba, ba caca ya yi ba. Wata bakwai mutumin nan yana hawa kujera yana leƙa gwangwani, yana murna za shi gida.

Bara'atu ta cire tabarau ta mayar a jaka. Sannan ta dawo da muryarta ta kullum.

"Kai, ɗan ƙauye, daina wannan fuskar. Dama can ba kyau gare ka ba, kada ka ƙara. Kwashi dubu bakwan nan yau ɗin nan ka zuba su a na'urar banki. Saura dubu huɗu da ɗari takwas. Ka shige ƙarƙashin dokar mudir da ƙyar, yadda kake shiga wandon aurenka."

"In na zuba, da me zan hau jirgi? Sai dai in yanki tikitin da kati."

"Ka sake goga katin nan, ni kuma in goga maka shi a goshi. Mariama, karɓe shi ki ajiye inda ba ya taɓa zuwa."

"Ina ke nan, Yaya?"

"Wurin wanke-wanke."

Na miƙa hannu. Ya dube ni, na dube shi, ban sauke hannun ba. Ya ba ni.

Sai ta buɗe jakarta, ta ciro ƙunshinta a baƙar leda, ta jefa masa a cinya.

"Dubu biyu da ɗari uku. Ka cika daga albashi ka yanki tikiti. Rance ne, ba kyauta ba, ɗari uku-uku duk wata in ka dawo. Ba ladan jira, ba kashbak, ba dogon saƙo. In ka makara, ni da kaina zan hau matakalar nan, kuma ka san tun daga ƙasa ake jin muryata."

"Firizar fa?"

"Wafa' maƙwabciyata tana da babba, rabinta iska ce. Za ta ara mini gefe, in riƙa toshe mata baki da kunun aya. Baƙala ɗaya zan ajiye zuwa bayan Mauludi."

Na san abin da ajiye baƙala ɗaya ke nufi a gidan da ba namiji. Na ce, "Yaya Bara'atu, wata tara fa kika yi..."

"Ke koma ga sambusarki. Tsakanina da mai kan tulu ne."

"Ba zan karɓa ba," in ji shi, ya ture ledar. "Ina aka taɓa yi, ubangida ya ci rancen baiwa? A ji wannan a Tasawa?"

"Ka ci na bankin da ba ka san ubansa ba, nawa ne zai shaƙe ka? Kuma wa ya ce maka don kai na yi? Don matar Kawu na yi. Sau ɗaya aka kai ni Tasawa, ina 'yar shekara biyar, ba na jin Hausa sosai. Yara suka kewaye ni suna dariya, har da wani mai ƙaton kai a gaba-gaba. Ita ta kore ku da muciya, ta goya ni ta zaga da ni gari. Ɗauki kuɗin nan kafin in tuna sauran abin da ka yi mini."

Ya ɗauki ledar, ya juya ta a hannu. Amma bai gama ba.

"To tsarabar fa? Jallabiya goma sha biyu na lissafa, da darduma, da dabino kwali huɗu, da agogon liman. Shekara shida a ƙasa mai tsarki, in sauka a tasha hannu rabbana? Mutanen Tasawa su ce me?"

"Su ce Kassimu ya zo."

"Ba ki san su ba. Akwati suke fara ƙirgawa kafin su amsa sallama."

"Su ƙirga. Dabino kwali ɗaya da zamzam ya ishi kowa ya taɓa, liman kuma ya ci gaba da duba rana yadda ya saba. Inna kuwa, kai da bakinka ka ce yanzu ba ta bambance mutum da ƙofa sai ya yi magana. Ko akwati goma ka kai, ba za ta ga ko ɗaya ba. Hannu za ta miƙo ta shafa fuskarka. Shi kaɗai take jira, kuma kamfaninku ba ya aika shi a kwali."

Ya sunkuyar da kai. Ni na juya wajen kasko na kunna wuta, don kada su ga idona.

"Sai dai fa," in ji ta, "in hannun ya hau sama ya ji sanƙon nan, za ta ce a mayar, ba wannan ta aiko Jidda ba. Nata mai gashi ne."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa ta hanci ba shiri. Ya yi ta yi har kafaɗunsa na rawa, yana goge ido da hannun riga, ba ka iya cewa wanne ne na dariyar wanne ne na ɗayan.

"Allah ya shirye ki, Bara'atu. Kin ci ni."

"Ban ji ba, mukayyif na ƙara."

"Na ce kin ci ni! Bana baiwa ta ci ubangida."

"Mariama, ke ce shaida. Yalla, tashi, na'urar banki tana bakin titi, ƙafata ƙafarka, kada gwangwanin ya yi maka wani sabon suna a hanya."

Ta ɗauki abayarta ta yi gaba. Shi kuma ya miƙa mini ledarta in adana, ya rungumi gwangwanin a hammata, ya zura takalmi. Har ya sa ƙafa a matakala sai ya dawo ya leƙo.

"Mariama, in an kira daga gida kafin in dawo, ki ce wa Inna Mauludi yana nan yadda na faɗa mata."